Malama Zubaida da Idon Afra'u

A shekarar 1994 Malama Zubaida ta fara duba idanu a ɗan asibitin Dumega. Kullum da hantsi takan wanke hannu, ta yi bisimilla, ta bi layin marasa lafiya da ƙaramar tocila.

Bara da damina wani manomi, Habu, ya kawo ɗiyarsa Afra'u a amalanke. Shekarunta huɗu, ga wani ƙari ja-ja ya tsiro a gefen baƙin idonta. Zubaida ta san ciwon daji ma yakan fara haka. Ba ta ambaci sunan kowace cuta ba. Ta ɗora ƙwayar gero a kuncin yarinyar don awo, ta ɗauki hoto, ta aika wa likitan ido a Yamai. Ya ba su rana bayan mako uku.

Kafin ranar, ƙarin ya kai ƙwayar dawa. Kakar yarinyar, Altine, ta ce shafar doguwa ce, ta kira wanzami ya kankare shi. Da labari ya iske Zubaida, ta hau babur. Ta tarar an danne Afra'u a cinya, aska a buɗe.

"Inna, ku dakata!"

"Ke ɗiyag ga, mi kika iya? Sati biyu kina awon hatsi kamar 'yar kasuwa, magani ko ɗigo!"

"Gaskiyarki, Inna, ban san mi ne ne ba. Amma Baba wanzami, kai ka sani?"

Zubaida ta miƙa wa Habu hotunan da ta riƙa ɗauka, masu nuna yadda ƙarin ke girma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauke ɗiyarsa.

A Yamai gwaji ya nuna ba daji ba ne. Kumburi ne da ba safai ake ganinsa a yara ba, kuma da ikon Allah magani ya lafar da shi, sai dai yana iya dawowa.

Malama, ke ce kika ce "ban sani ba" a gaban jama'a, kika kuma hana wanda bai sani ba yankawa. Allah ya saka miki da alheri. 'Yan baya, ku koyi wannan.

Bana Malama Zubaida za ta ajiye aiki. Ta ce za ta ci gaba da duba idon Afra'u duk wata, har likita ya sallame ta.