Igiya Gaba Goma Sha Biyu

Matso kusa ka ji, don abin nan har yau yana sa gabana faɗuwa.

Muna yara a Gwandu, lokacin sanyi, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun kakarmu Inna Kulu. Tana tura kara cikin wuta, ta ce, "Ku natsu, ga wata nan tahe."

Wai wani mahaƙin rijiya ne a Maruda, dogo zanƙalele. Ya shiga yashe rijiya, igiya ta tsinke, ya faɗa ƙasa, ruwa kuma na ɓuɓɓugowa. Ya kwaɗa wa matarsa kira: "Ruga kasuwar Gwandu, ki sawo igiya gaba goma sha biyu!" Gaba kuwa shi ne ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewa. To ita matar 'yar guntuwa ce. Ta je ta auna da nata hannuwan, sha biyu cif, ta komo da gudu ta zura. Igiya na reto can sama da kansa, ruwa ya kai masa ƙirji.

Nan Inna take yanke labarin.

Na ce, "Inna, ya hito?"

"Ke ɗiyar ga, mi kika sani? Bai yi ƙarya ba, ba ta yi ƙarya ba. Ku tashi, wuta ta mutu."

Na sha kwana ina jin ruwan nan a wuyana.

Bara, a nan Kalgo inda nake aure, zazzaɓi ya kama jikana, ɗan wata bakwai. A asibiti aka ba mu maganin ruwa, aka ce a ba shi awon mil biyar, ɗan murfin awon kuma ya ɓace. Uwarsa ta ce ai cokali guda ne. Cokula uku gare ni, kowanne da girmansa. Har na tsiyaya a babban, yaro na ta nishi, sai na kasa kai shi bakinsa.

Na ƙulle cokulan a bakin zane na nufi kemis. Mai kemis ya yi dariya, "Baba, gara kika kawo mini?" Da ya gwada da sirinji sai dariyar ta ɗauke. Babban nan ya ci mil biyar har sau uku.

Yaron ya warke, yana nan yana ɓarna. Ni ce dai ban warke ba. Kome aka ce mini, tiya ko kilo ko cokali, sai na tambaya, na wa?

Kai fa, maganin da ka ba ɗanka jiya, da me ka auna shi?