Baba Waliyyu Da Safiyoyin Da Ya Ƙirga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Waliyyu na Danwarai, manomin albasa, yana da shekara saba'in da takwas. Ina Jega ɗiyarsa Hamdiyya ta bugo mini. Kafin in isa an sa shi a makwanci.

Baba, mutanen Aliero sun san ka da irin albasa. Na gadon mahaifinka ne, jar albasa mai daɗewa a ajiya. Ba ka taɓa hana wanda ya zo nema ba. Shekarar da ruwa ya cinye gadajen renon albasar mutanen Kimba, kai ka raba musu naka da ludayi, ka rage wa kanka abin da bai cika tafin hannu ba.

Ni kuwa da bangon zaurenka na san ka. Tun kana saurayi kake ajiye kwalbar manja a kan katanga idan ɗari ya shigo. Duk safiyar da man ya daskare, sai ka ja layi ɗaya da ƙusa. Ka ce albasa ba ta fure sai ta sha sanyi, in babu fure kuma babu iri. Na ƙirga layukan da idona. A shekarun farko suna haura sittin. Ɗarin da ya wuce, goma sha ɗaya ne.

Ranar da na fara zuwa da littafina ka yi mini dariya.

"Ɗan jarida, kai da ka karance duniya, ina ɗari yat tahi?"

Na ce, "Baba, ba mu kaɗai ba ne."

"To wa ad da shi? Hwaɗa min garin, in aika musu irina."

Na san amsar. Rahotannin masana yanayi sun nuna cewa shekaru goman nan na baya su ne mafi zafi tun da aka fara aunawa, kuma 2024 ta fi kowace. Nijar, Mali, Indiya, har ƙasashen Turai masu ƙanƙara, ko'ina ma'aunin zafi sama yake yi. Abin da na'urorinsu suka gano, kwalbarka ta riga ta faɗa. Amma na ce maka zan bincika. Shekara biyu ina cewa zan bincika. Wannan kunyar tawa ce, zan kuma ɗauke ta.

Ranar addu'ar uku, matarka Inna Dije ta miƙo mini wata 'yar gora. Irin da furen bana ya bayar ke nan, bai kai rabinta ba.

Ta ce, "Anas, ya ce ga hannunka za a sa. Ka san irin albasa ba ya kwana biyu. In bai shiga ƙasa ba wagga shekara, ya mutu."

Gorar tana gabana yanzu. Na kira manoman Maiyama, na kira duk wanda na sani a bakin fadama, kowa kukan zafi yake. Lokacin shuka kuma makonni ya rage. Don haka nake roƙon mai karatu: idan kana da ƙasar da har yanzu manja ke daskarewa da safe, don Allah ka neme ni a Jega. Irin ba na sayarwa ba ne.

Allah Ya jiƙan Baba Waliyyu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa kowace ƙwayar da ya bayar ta zama masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba Inna Dije, Hamdiyya da mutanen Danwarai haƙurin wannan rashi. Ya Allah, Ka sanyaya masa kabarinsa, Ka ba shi sanyin da ya yi ta jira. Amin.