Godiyata Kaɗai Aka Rubuta

Har yau idan na ji an datse kwaɗo, ko da na shagon maƙwabta ne, sai na waiwaya in ga inda ƙofa take.

Da na gama sakandare na samu aiki a wani kamfanin garin sabulu can wajen Dakata, ba nisa da gidanmu a Kawaji. Mu mata aikinmu liƙe leda da jera ta a kwali. Ɗakinmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma da mun shiga sai a datse ta da kwaɗo ta waje, wai kada mu riƙa fita da kaya a cikin hijabi. Sai lokacin salla ake buɗewa. Ranar da wuta ta tashi daga wayar injin liƙe leda, da rana tsaka, mai makulli ya tafi cin abinci. Mun yi ta dukan ƙofa muna ihu har wasu leburori suka ɓalle ta da ƙarfe. Ni tari kawai na fita da shi. Ƙawata kuwa, wadda muka zauna benci ɗaya tun ajin farko, narkakkiyar leda ce ta zubo mata a hannu da gefen wuya.

Kamfanin ya ce ƙofa a buɗe take, mu ne muka ruɗe muka danne juna.

Ummata tun ina ƙarama take girki a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA. Ɗan majalisa ne, kuma yana cikin kwamitin da aka ɗora wa binciken gobarar. Shi ya aiko a kira ni. Na zauna a kan kafet a falonsa, yana ce mini 'yata, ya ce in zo gaban kwamiti in faɗi abin da na gani. Ya ce kada Turanci ya dame ni, in yi Hausata, shi da kansa zai fassara. Sunana kuma ba zai shiga takarda ba, "wata ma'aikaciya" kawai za a rubuta. A gidan nan na koyi cin abinci da cokali mai yatsu, kayan sallata da yawa kwancen 'ya'yansa ne. Ban ga dalilin da zan yi shakka ba.

Umma ta yi ta koya mini yadda ake magana a gaban manya. Ta ce ba a buɗe baki da ƙorafi. A gaishe su, a gode musu, a yi musu addu'a, har kamfanin ma in gode masa da ya ɗauki 'ya'yan talakawa aiki, kada a ce ba ni da tarbiyya. Bayan nan sai in shiga maganata.

Haka na yi. Ɗakin sanyi ƙalau, lasifika a gabana, manajan kamfanin yana zaune a gefe yana danna waya. Na yi gaisuwa, na yi godiya, na yi addu'a. Sannan na faɗi maganar kwaɗo, da mai makulli, da yadda muka daki ƙofa har hannuwanmu suka fashe, da warin fatar ƙawata. Kuka ya ƙwace mini. Alhaji ya matso da lasifikarsa ya yi Turanci da sauri. Kunnuwana sun toshe a lokacin, kalmar godiya kawai na tsinta, na ɗauka sauran ya wuce ne ina share hawaye. Suka gyaɗa kai, aka ce in koma in zauna.

Ba a daɗe ba aka sallame ni daga aiki. Sai kuma wani mutum ya zo ƙofar gidanmu a kan babur, da hular kwano a kansa, ya kira cikakken sunana har da na kakana, ya ce wa Umma a gaya mini in kama bakina. Daga ranar na daina fita ko sayen katin waya. Na yi ta tunanin ko a cikin 'yan ɗakinmu ne wata ta kai ni.

Baban ƙawata ya samu wata lauya ta karɓi maganar. Ta ce sauran matan duk sun ƙi magana, abin da ya rage kawai shi ne shaidar da na bayar a gaban kwamiti, domin duk abin da aka faɗa a irin wannan zama ana rubuta shi a ajiye. Idan maganar kwaɗo tana ciki, kamfanin ba zai iya ci gaba da cewa ƙofa a buɗe take ba. Ta kwatanta mini ɗakin karatun wata ƙungiya a Nassarawa inda suke ajiye kwafin bayanan zaman majalisa, ta ce in je tunda ni na san lokacin.

Na sa niƙabin yayata, abin da ban taɓa sawa ba, na hau adaidaita. A unguwar nan ba ka ganin masu tafiya a ƙasa sai masu gadi da masu ban ruwan fulawa, shi ya sa duk babur ɗin da ya wuce sai na manne da katanga.

Matar da ke kula da ɗakin mai tabarau ce, tana cin gyaɗa daga cikin durowa. Ta tambaye ni muhawarar zaure nake nema ko zaman kwamiti. Na ce ban san bambancinsu ba. Ta ce zaure shi ne inda dukkansu suke taruwa, kwamiti kuma 'yan kaɗan ne da ake ba wani aiki, kuma ba a jera su da sunan matsala, da kwanan wata ake jerawa. Na ce bayan ƙaramar salla ne. Ta sauke mini manyan littattafai masu nauyi, na yi ta bin layi da yatsa, Turancin nasu ba irin na makaranta ba ne. Can na ci karo da gobararmu a muhawarar zaure. Ga Alhaji ya yi magana mai tsawo, yana jajanta wa iyayenmu, yana cewa sai an gano gaskiya. Wallahi sai da na ji sanyi a raina.

Na kwamiti yana cikin kwamfuta. Matar ta nuna mini inda ake rubuta kalma a nemo. Na rubuta kwaɗo da Turanci, babu. Na rubuta ƙofa, sai ta kawo inda manajan ya ce a buɗe take. Na rubuta makulli, babu. Na canza rubutun ko ni ce na yi kuskure, babu. Matar ta leƙo, na gaya mata ni ma na yi magana a zaman, ta ce in gwada sunana mana. Na ce ai ba a sa sunana ba, an yi mini alkawari.

"Gwada dai, ƙanwata. Ba ya cizo."

Na rubuta. Ya fito. Sunana, na babana, na kakana, unguwarmu, har layin da gidanmu yake, da ɗakin da nake aiki. A ƙarƙashi an rubuta cewa mai shaida ta yi magana da Hausa, mai girma ɗan kwamiti ya fassara. Sai fassarar: tana gaida kwamiti, tana gode wa kamfani da ya ɗauki 'ya'yan talakawa aiki, tana roƙon Allah ya kiyaye gaba. Daga nan sai mai shaida na gaba.

Na ja shafin ƙasa, na dawo sama, ko an kai sauran wani wuri. Matar ta ce mai rubutu abin da aka faɗa da Turanci yake ɗauka, abin da ba a fassara ba kamar ba a faɗe shi ba ne. Ta ce kuma kowa zai iya buɗe wannan shafi daga wayarsa. Ta miƙo mini ruwan leda. Na karɓa na ajiye a cinyata, ban sha ba.

Gidan Alhaji bai da nisa daga nan, da ƙafa na je. Mai gadi ya san ni, da na ɗaga niƙabi ya buɗe. Ban bi ta kicin ba don kada Umma ta tare ni. Na same shi a baranda yana shan shayi, na durƙusa na gaishe shi, don jikina bai san wata hanyar ba. Na ce na je na karanta.

Bai yi mamaki ba. Ya ce ai bai ƙara mini ko kalma ɗaya ba, duk abin da ke wurin da bakina na faɗa.

"Ko ba ki gode musu ba?"

Na ce na gode, amma ba shi na je faɗa ba.

"Sauran na bar shi ne don in kare ki, 'yata. Mutanen nan ba sa'anninki ba ne."

"To, Alhaji, sunan fa?"

Ya ce wannan aikin masu rubutu ne, zai duba. Ya ɗauki wayarsa. Sai ga matarsa Hajiya ta fito ta ce a zuba mini abinci in tafi da shi, ta ce na rame. Umma ce ta kawo kular da hannunta, ba ta kalle ni ba.

Washegari na je gidan su ƙawata. Tana zaune a tsakar gida, hannun a naɗe, ta ce mini 'yar majalisa an dawo, ina takardar. Na ce mata babu kwaɗo a ciki. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce, sai da ta ga fuskata. Babanta ya kira lauyar a waya a gabana. Ta ce abin ya ma fi haka muni, domin yanzu kamfanin zai iya ɗaga wannan takarda ya ce ga wadda take cikin ɗakin, godiya ta yi. Hanya ɗaya ce ta rage: in tsaya a kotu in sake faɗa, da sunana, in kuma faɗi wanda ya yi fassarar.

Baban bai roƙe ni ba. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya, ya san inda uwata take cin abinci. Ƙawata kuwa tana ta ƙoƙarin gyara ɗankwalinta da hannu ɗaya yana zamewa. Na tashi na ɗaura mata. Ina tsaye a bayanta, ina kallon tabon wuyanta, na ce zan je.

Umma ba ta yi mini faɗa ba da na gaya mata. Ta ce dai da na bari ta fara neman wani gidan. A satin da lauyar ta shigar da sunana cikin masu shaida, Hajiya ta ce wa Umma ta ɗan huta a gida, za a neme ta. Ba a neme ta ba. Yanzu ƙosai take soyawa a ƙofar gida da safe, ni ina miƙo mata ƙullu daga zaure, ba na leƙawa waje. Ba a sa ranar zaman kotun ba tukuna.