Rigimar Da Aka Furzar

Mawuena tana tuƙa tuwon masara tana hira da tukunya, kamar kowace safiya, sai dai yau bitar amsoshin tambayoyin neman aiki take yi. Otal ɗin bakin teku da ta yi furfura a madafarsa ya rufe, ga wata makarantar kwana a Lome tana neman shugabar masu girki.

Mijinta Fo Senyo ya leƙo da asuwaki a baki. "In suka ce faɗi aibinki fa?"

"In ce na auri sarkin surutu."

"Ai sun ga mai haƙuri ke nan. Sun ɗauke ki an gama."

A makarantar, mai yi mata tambayoyin, Madam Ayoko, sa'ar 'yarta ce. Zancen gishiri, wuta da cikin yara duk ya tafi sumul. Sannan ta gyara zama.

"Mama, ba ni labarin ranar da kika yi faɗa sosai da abokiyar aiki. Me ya haɗa ku, kuma yaya kuka ƙare?"

Labarin yana nan, kuma Mawuena ta san babu amsar da za ta fi shi. Ita da abokiyar aikinta Akuvi sun daɗe suna yanka albasa a katako ɗaya, ba mai ce wa wata uffan. Daga baya manyan madafar suka kawo ruwa a ƙwarya, kowacce ta kurɓa ta furzar a ƙasa. A al'adarsu, maganar da aka furzar ba a sake ɗaukarta da harshe. Akuvi ta rasu bara, ta tafi da nata rabin labarin a rufe.

"An yi, 'yata. Mun furzar da ruwa."

Ayoko ta yi murmushi. "Kakata ma haka take. Amma masu girkinmu kullum cikin rigima suke, dole in ji yadda kike kashe wuta. Sake wa abokiyar aikin suna mana, wa zai sani?"

Mawuena ta tuna gidanta, yadda rana take yin tsawo ga hannun da ya saba ciyar da jama'a. Maganar ta taso har maƙoshi, da zafinta kamar jiya aka yi. Ta ji sanyin ruwan nan a haƙoranta.

"Ko na sake mata suna, ni na san ita ce."

"Mama, wannan tambayar ta fi sauran nauyi. In babu amsa, ba ni da abin kai wa masu makaranta."

"Na gane. Aikinki kike yi."

Ta miƙe a hankali, gwiwa tana ƙara, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ki gaishe da kakar taki, in tana raye."

"Tana nan."

"To ki tambaye ta, wataƙila ita ta ba ki labari."

Ta mayar da kujerar wurinta, ta fita.