Kod ɗin wifi da na bai wa Hajiya

A garinmu maƙwabciya ba ta roƙon gishiri a hana ta. Shi ya sa da Hajiyar da ɗakinta ke kallon namu a unguwar Goutte d'Or, nan ƙasar Turawa, ta ce in ba ta kod ɗin wifi, ban ko yi tunani ba.

Finafinan Tamil take saukewa daga wani shafi, ranar da suka fito. A sinima aka ɗauke su a ɓoye, har kan mutum kan gifta ta gaban jarumi. Tare muke kallo, ba ma jin yaren, Hajiya ce ke fassara yadda ta ga dama. Jaririyata kuwa ba ta barci sai da gangunansu.

Da muka je Lyon wajen ƙanwar maigidana, ɗaliba ce, na nuna mata wani fim ɗin a waya. Ta riƙe baki.

"Anti, wannan fa na sata ne. Kuma a nan wanda sunansa ke kan intanet ɗin gidan ake tuhuma."

Sunana ne a kai, don maigida kullum yana hanyar fatauci. Ga takardar zamana ta kusa ƙarewa. A jirgin dawowa duk mai yunifom da ya wuce sai in ƙara matse yarinyar a ƙirji, har da mai duba tikiti.

To, yaya zan ce wa sa'ar uwata ta daina? Na dama fura na kai mata, na yi ta gaisuwa har da tambayar ƙafarta sau biyu, sannan na faɗa, kaina a ƙasa.

"'Yar nan, shi ne kika rame haka?" in ji ta. "Ai ba ni kaɗai ba ce. Na ba masu ɗinki na sama, su kuma sun ba mai aski."

Na zauna a ƙasa.

Ita da kanta ta yafa mayafi ta bi ƙofa-ƙofa tana cewa an rufe, ba wanda zai sa a mayar mata da jika gida, wato jaririyata. Muka canza kod, ta ce kar in gaya mata, ta san halinta.

Sabuwar takardar zaman ta fito. Ko fim ɗin zai hana, ban sani ba har yau. Yanzu na biya muke kallo, tas, ba kan kowa. Hajiya ta ce ba su kai na da daɗi ba.