Irin Kaurar da Aka Aika Gidan Tsamiya

Shekarar da aka canza kuɗi, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke mana tun dawa ba ta fid da kai ba. A lokacin ina zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Dayi, a gidan da mahaifina ya bar mini, Allah ya ji ƙansa. Gidan ba shi da wata alama sai tsamiyar da ke ƙofarsa, saboda haka Gidan Tsamiya kowa ke ce masa. Abin da muka girbe bai kai mu ko'ina ba. Da yunwa ta matsa, har zangarniyar iri da ke rataye a madafa muka sauke muka sussuka, aka dama wa yara kunu.

Wannan iri yana da daraja a wurinmu. Wata kaura ce da muka gada tun daga kakanmu, tana nuna da wuri, tuwonta yana kwana bai saki ba. Ba a samun ta a kasuwa. Gida biyu ne suka riƙe ta, namu da na gwaggona, yayar mahaifina, wadda ke aure a wajen Matazu.

Na kwashe iyali muka koma Funtua, na sami aikin ɗaukar buhunan auduga, daga baya wani bawan Allah ya ba ni aron gona a hanyar Tsiga. Gidan kuwa na bar wa wani dattijo Kirista da muka daɗe muna iyakar gona da shi. Na aika wa gwaggo cewa na tashi, amma saƙon ya bi bakuna da yawa, ya isa kunnenta a kan na tafi cin rani. Mai cin rani kuwa, kowa ya sani, da ruwan fari yake komawa gida.

Yanzu jikokina kan latsa waya ta nuna musu inda mutum yake tsaye. A zamaninmu wuri ake aika wa saƙo, wanda ke zaune a wurin shi ke karɓa. Na yi wa mutane rubutun wasiƙa da ajami da yawa, kuma abin da nake fara tambaya shi ne, gindin wane itace, gefen wace rijiya. Babu mai ɗaukar saƙo tun daga farko har ƙarshe. Mai jaki ya kai bakin titi, direba ya sauke wa mai shayin tasha, mai shayi ya duba cikin masu shan shayinsa wanda gidansa ya fi kusa. Kowa zango ɗaya ya sani, ya miƙa wa na gaba, Allah kuma ya kai.

Damina ta zagayo da albarka. Na shuka irin kasuwa a gonar aro, ina kallonsa ba tare da wani ɗoki ba. Bayan ƙaramar Salla na je gaida gwaggo. Mun gama gaisawa ke nan ta ce, "Ɗan nan, yaya kaurar? Ta yi kai kuwa?"

Na ce, "Wace kaura, Gwaggo?"

Ta ajiye mazarinta ta dube ni. "Wadda na aika maka kafin ruwan shuka. Na ji kun cinye taku. Tawa ƙwari sun shiga, ɗan abin da ya tsira bai fi ƙwarya ba. Na ce ni na tsufa, gara ta tafi hannun mai ƙarfi. Duk na juye maka."

"Ina kika aika?"

"Ina kuwa? Gidan Tsamiya mana. Kana da wani gidan ne?"

Ke nan duk abin da ya rage na kaurar kakanmu a duniya yana cikin wannan ɗan buhu, ni kuma ban san inda ya kwana ba. Washegari na yi mata sallama, na bi sawunsa. Mai jakin garinsu ya ce ya kai bakin titi. A bakin titi aka ce motar da ke zuwa Dayi ranar kasuwa ta ɗauka. Ni ma na hau ta.

Mai shayin tashar Dayi ya san ni tun ina saurayi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya yana fifita wuta.

"Buhun tsohuwa? Ai ya zama ɗan gida a ƙarƙashin teburin nan. Na ba mai keke ya kai Gidan Tsamiya. Sai ga dattijon nan ya dawo da shi a kansa, wai naka ne, a kai maka Funtua. Na ce, Baba, Funtua ina? Bakin kasuwa, ko tashar jirgi? Ya ce shi dai Funtua ya sani. Don kada ya ce na ƙi, na ba direba ya kai Malumfashi. Mai shayin can ya maido shi, ya ce ba ya karɓar kayan da ba su san inda za su ba." Ya miƙo mini kofi. "Kai ma Malam, da karatunka, ka tashi ba ka bar ko sunan unguwa ba?"

"To yanzu ina buhun?"

"Dattijon ya dawo ya ɗauka. Ko ya yi tuwo da shi, wannan kuma tsakaninku."

Na taka zuwa ƙauyen ina ta salati a zuci. Ban ga laifin kowa ba ko da an ci, don shekarar ba ta bar wa mutane zaɓi ba. Na tarar da dattijon yana gyaran magirbi a inuwa. Ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ashe kana raye. Mun ɗauka auduga ta haɗiye ka."

Bayan na sha ruwa ya ce in biyo shi. Muka wuce gonar dawarsa, muka ratsa ta gyaɗa, har can ƙarshen fili inda babu wata dawa kusa. A nan na ga kaurar tsaye, kawunanta sun sunkuya don nauyi. Ko cikin dubu zan gane wannan launi.

Ya ce, "Da na kwance buhun na san ta babanka ce, na sha ganinta ta kan iyaka. Ruwa ya sauka, kai babu labarinka, ƙwari kuma na gani suna yawo a ciki. Na ce in ta jira ka wata shekara, gari za ka tarar. Na kawo ta nan nesa don kada ta gauraya da tawa. Ga abinka, ka kwashe, na huta da korar tsuntsaye."

Na ce, "Baba, ƙwarya ɗaya aka aiko. Ƙwarya ɗaya zan ɗauka. Ƙasa taka, gumi naka."

"Kai dai ba ka iya ciniki ba, shi ya sa ka ƙare a ɗaukar buhu. Ajiya aka ba ni. Akuyar ajiya in ta haihu, 'ya'yan na wa ne?"

Muka yi ta ja har rana ta karkata. A ƙarshe muka tsaya a kan in zaɓi kawunan da suka fi kyau in ɗaure dami biyu, ɗaya nawa ɗaya na gwaggo, saura ya shiga rumbunsa. Amma na ce ban yarda in tafi da nauyin nomansa a wuyana ba.

Ya ce, "Noma biyu na yi mata da huɗa, da wannan bayan nawa. In biya kake so, ga magirbi."

Na aika gida cewa zan daɗe, na zauna muka girbe gonarsa kaf, tun daga kaurar har tasa dawar. Matarsa ta share mini wuri a zaure inda nake salla, kullum kuma in tarar da buta cike. Muka yanke, muka ɗaure, muka yi jigila zuwa gida. Ran da dami na ƙarshe ya shiga rumbu, ya zauna a kan turmi yana matsa ƙugunsa.

Ya ce, "To Malam, ba ka bi na, ba na bin ka."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya taya ni ɗora dammunan biyu a ka, na kama hanyar Dayi.