Siririn Ɗan Kokawar da Ya Kayar Min da Aure

Ko da zan tsufa in manta hanyar gidanmu, ba zan manta da shekarar da allon kwamfuta ya shiga tsakanina da budurwata ba.

Ni dai boko ban yi nisa ba, ana tsakiyar sakandare na ce musu sai wata rana. Amma in harkar jone-jonen waya ce, a unguwarmu nan Daura ba a tsallake ni. Wani direba ne ya taho da tsohon allon kwamfuta daga Kongolam, can bakin iyakar Nijar, allon kawai ba uwar, na karɓe. Na samo 'yar dikoda mai ramin filas, na haɗa da sifika, sai ga tashar Nijar tangaran. Daɗin abin, in ka danna jan maɓallin rimot, duk abin da ake nunawa sai ya shige filas, ka kalla sanda ka ga dama.

Lokacin gasar kokawa ne, Babanmu kuma mayenta ne, ga shi yini yake a kasuwa. Sai in ɗaukar masa, da yamma in kunna a zaure shi da abokan hirarsa. Na faɗa masa ɗauka nake yi, ya ce, "To, to, kunna mana dai." Ashe bai ji ni ba. Su duka a zatonsu a lokacin ake yi. Cikinsu kuwa har da baban yarinyar da nake nema, wani dattijo da ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta.

To ni na riga na kalla, bakina kuma ba ya ajiya. Ana fara kamawa sai in ce, "Na hagun nan, ƙasa na kiransa." Tim, sai ya faɗi. Aka yi haka ya fi a ƙirga. Rannan dattijon ya zuba min ido ya ce, "Kai ɗan nan, ya ake yi kake sani?"

Na sosa ƙeya na ce, "Baba, sirri ne, ba a faɗa a zaure."

Ni wasa nake. Kafin sati magana ta zaga unguwa, wai ba allon kwamfuta na samo daga Kongolam ba, madubin duba ne. Wata tsohuwa har gida ta zo in duba mata akuyarta da ta ɓata. Ina ta dariya, sai da na je zance yarinyar ta leƙo daga soro ta ce, "Baba ya ce kar in ƙara fitowa sai ya gane kanka." Nan dariya ta tsaya.

Washegari na tara Babanmu da abokan hirarsa na yi bayani tiryan-tiryan. Don su yarda, na mayar da hoton baya, wanda aka kayar ya tashi daga ƙasa ya miƙe tsaye. Dattijon ya ja tabarmarsa baya ya ce, "Au, har wanda ya faɗi kana tayar da shi?"

Babanmu ne ya kawo shawara. Ran Juma'a ba ya fita kasuwa, a zauna a kalli wadda ake yi a lokacin, in cire filas ɗin in ba dattijon ya riƙe. In na faɗa ban dace ba, shi ke nan, an wanke ni.

Juma'a ta zo, filas na aljihun dattijo, ya dafe shi da hannu. Aka fito da wani ƙato kamar rumbu, abokin karawarsa kuma siriri, iska ma sai ta tausaya masa. Ni faɗuwa nake nema, don haka na ce, "Siririn ne zai yi kaye." A raina ina cewa yau na ga aure.

Suka zaga, suka zaga. Ƙaton ya kawo cafka, siririn ya sunkuya ya ɗebe masa ƙafa, sai ga rumbu a ƙasa. Filin can ya kaure da ihu.

Dattijon ya zaro filas ɗin da yatsu biyu, ya ajiye a gabana a hankali ya ce, "Wannan ɗan abin ba ruwansa." Ya sa takalminsa ya fita. Shi kansa Babanmu, da kowa ya watse, sai ya matso ya rage murya ya ce, "Kai, tsakanina da kai, wa ya ba ka?"

Ba a jima ba aka dawo mana da kayan neman auren da muka kai. Yarinyar tana can Dutsi yanzu da 'ya'yanta, Allah ya ba su zaman lafiya.

Abin da na koya shi ne, zargi in ya riga ya zauna a zuciyar mutum, gaskiyarka da sa'arka duk shaidunsa suke zama. Kai dai kar ka ba shi wurin zama tun farko, ko da da wasa ne.